Dala ce ta tashi, in ji yaron shago

Jiya na shiga kasuwa sayen atamfa turmi biyu na ankon bikin ƙanwata. Yaron shagon, wanda na haifi sa'ansa, ya faɗi kuɗi ko ɗago kai bai yi daga wayarsa ba. Na ce, "Haba ɗana, ba ita ce na taya watan jiya ba? Wannan ƙarin ya yi yawa." Ya ce, "Mama, dala ce ta tashi." Na ce to a yi min ragi. Sai ya miƙo hannu ya zare turmin daga hannuna, ya kakkaɓe shi, ya mayar kan kanta, ya ce, "In ba saye za ki yi ba ki matsa, kin tare wa masu kuɗi hanya." A gaban mutane! Kuma atamfar nan daga Sin aka kawo ta.

Wallahi har yanzu zuciyata tafasa take yi. A Kaduna za a wulaƙanta ni kan atamfa? Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, da albashinta aka raine mu. Tun 1957 aka buɗe masaƙar KTL, ga masaƙun UNTL da Arewa. A da, audugar Funtua da Gusau a nan ake saƙa ta, in an tashi aiki titi ya cika da kekuna. KTL ta rufe a 2002, ma'aikata da dama suka mutu suna jiran haƙƙinsu.

Wa ya kai mu nan? A 1986 gwamnatin Babangida ta rungumi SAP, wato shirin gyaran tattalin arziki, bisa tsarin IMF, asusun ba da lamuni na duniya, da Bankin Duniya, aka karya darajar naira. Wuta ta ƙi zama, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa, masaƙu suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. A 2023 aka cire tallafin mai, aka sake sakin naira, mu aka ce mu yi haƙuri. Matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980 tana nan kwance.

Ƙasashen waje su sayi ɗanyen kayanmu da araha, su sarrafa, su dawo mana da shi da tsada, mu kuma ciwo bashi a hannunsu mu biya. Shugabanninmu da ke sa hannu a takardun nan, asibitinsu a Landan, 'ya'yansu a can suke karatu. Wane ne a cikinsu ya taɓa shiga Kakuri ya ga ciyawar da ta cinye masaƙun?