Masu tallan Janar Patton, ku karanta wasiƙun da ya aika wa matarsa

Abin ya fara isata gaskiya. Duk inda ka leƙa a TikTok ko Facebook sai ka ga an ɗora hoton Janar George Patton na Amurka da hular kwano mai taurari, an sa kiɗa a ƙasa, an yanko maganganunsa ana cewa ga shugaba na gari wanda ya damu da yaransa. Masu koyar da dabarun shugabanci ma sun ɗauka suna ta rera shi kamar karatun allo.

To ni dai tambayata ɗaya, cikinsu wa ya taɓa jin sunan Hammelburg?

A ƙarshen Maris 1945, yaƙin duniya na biyu saura makonni ya ƙare a Turai, Patton ya tura sojoji kusan 300 da tankoki da motocin yaƙi fiye da 50 ƙarƙashin Kyaftin Abraham Baum, su kutsa wajen kilomita 80 cikin yankin da Jamusawa ke riƙe da shi, wai su kuɓutar da fursunonin yaƙi a wani sansani a garin Hammelburg na ƙasar Jamus. Cikin fursunonin akwai Laftanar Kanar John Waters, mijin 'yar Patton ta cikinsa, wanda aka kama a Tunusiya tun 1943. Sojojin Baum sun isa sansanin, amma fursunonin sun fi ƙarfin motocin da suka zo da su, Jamusawa suka yi musu ƙawanya, motocin nan ko ɗaya bai dawo ba, an kashe wasu, akasarinsu aka kama, 'yan ƙalilan ne suka lallaɓo suka dawo. Shi Waters ɗin da aka yi abin dominsa harbinsa aka yi ya ji mummunan rauni, bai ma fita ba sai farkon Afrilu da wata runduna daban ta ƙwace sansanin.

Da 'yan jarida suka taso shi sai Patton ya ce ai shi bai san surukinsa na can ba. Nan ne wasiƙun suka tona shi, don kwanaki kaɗan kafin harin ya rubuta wa matarsa Beatrice cewa sun nufi inda John yake kuma ƙila su isa kafin a ɗauke shi, bayan ya tura rundunar ya sake rubuta mata cewa ya aika su wurin da aka ce John yake. Takardunsa suna nan a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka a Washinton, ba ƙage ba ne na maƙiya. Kuma ko daga baya kuskuren da ya yarda ya yi shi ne bai tura babbar runduna ba, shi ke nan fa.

Na san za a ce ai shi ya ceci Bastogne, garin Beljiyam da Jamusawa suka yi wa sojojin Amurka ƙawanya a ciki, a Disamba 1944, eh ya ceta, iya tuƙa tankoki daban, amana da rayukan 'ya'yan mutane daban.

Kuma wannan mai "son yaransa" shi ne ya mari sojoji biyu a asibitin fagen daga a tsibirin Sisili na Italiya cikin Agusta 1943, mutanen da yaƙi ya gigita su, ya kira su matsorata, sai da maigidansa Janar Eisenhower ya aika masa da wasiƙar tsawatarwa ya tilasta masa neman afuwa. Bayan yaƙi kuma ya riƙa rubuta munanan kalamai na raini a littafin ajiyarsa kan Yahudawan da suka tsira daga sansanonin Hitila, bakinsa a bainar jama'a ma bai tsaya ba, a Oktoba 1945 aka cire shi daga shugabancin Runduna ta Uku ta sojan Amurka.

Duk mai son sa shi a darasin shugabanci ya sa, amma ya haɗa da wasiƙun nan biyu na Maris 1945, ya karanta wa ɗalibansa su da bakinsa kafin ya kunna kiɗan.