Ina 2ab yake shiga?

Ka tsaida ɗan ajin ƙarshe na kwaleji a Tawa ka ce ya karanto maka (a+b)², zai rero maka ita da Faransanci kamar waƙa: a²+2ab+b². Ka miƙa masa alli ka ce ya lissafa (10+3)², sai ya rubuta 109. Amsar kuwa 169 ce. Sittin ɗin da suka ɓace su ne 2ab, kuma su ne ke cinye wa yara maki ranar jarrabawar BEPC, wato ta kammala kwaleji.

Ni ban ga laifin hadda ba, da ita muka tashi tun makarantar allo. Sai dai haddar ajin lissafi ta ƴan bencin gaba ce. Mushe, wato malamin aji, ya rubuta ƙa'ida, ya tambaya ko an gane, yara biyar masu ƙarfin Faransanci su amsa, a wuce. Yarinyar da kunya ta hana ta ɗaga hannu, da yaron da ba ya hango rubutu daga baya, da mai nauyin kunne, da ɗan ƙauyen da ke zaune hannun mariƙi, duk su kwafe abin da ba su san kansa ba.

A fito da su tsakar makaranta mana, ƙasa ba a saye. A zana fili mai kusurwa huɗu, kowane gefe taku 10 da ƙarin 3, a tsaga shi. Ga babban yanki mai 100, ga ƙarami mai 9, ga dogaye biyu kowane 30, su ne 2ab ɗin. Yaron da ya tsaya da ƙafarsa cikin ɗaya daga dogayen nan, da wuya ya sake manta su. Wanda ba ya gani sosai a yanka masa kwali ya shafa da hannu. A haɗa su huɗu-huɗu, mai ganewa da mai jan ƙafa, a bar su su yi gardama da Hausa ko Tamajak, sa'annan a rubuta da baƙaƙen boko.

Wannan ma ba sabon abu ba ne. Al-Khawarizmi, wanda ya yi zamani a Bagadaza cikin ƙarni na 9, daga littafinsa aka samo kalmar aljebra, kuma da zanen murabba'i yake kafa hujja, misalansa da yawa kuma na rabon gado ne.

Malamai za su ce aji ya cika maƙil, manhaja tana da tsawo, jarrabawa kuma da Faransanci ake yin ta. Gaskiya ne, ban raina wahalarsu ba. Amma Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973 a Damagaram, kuma a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ban ga dalilin da zai sa malamin da ya ce "gefe sau gefe" ya riƙa waige-waige don tsoron kada sufeto ya ji shi ba.