Tallar littafi ta koma waya, amma babu mai faɗa mana wanne ne mai kyau

A shekarun 1990, marubuciyar da ta kammala littafi a Kano ta san hanyar da za ta bi. Ta kai maɗaba'a a buga, a rarraba wa 'yan kasuwar littafi na Sabon Gari, a baje bangon a gaban shago. In da rabo, wani gidan rediyo ya karanta shi da dare, ko mujalla ta yi masa sharhi. A shafin ƙarshe kuwa sai ka ga an jera sunayen waɗanda suke "nan tafe". Iyakar tallar ke nan.

Yau duk wannan ya koma cikin waya. Ina zaune kwanan baya ƙanwata ta miƙo min tata, wai in ga littafin da ya hana ta barci. Marubuciyar ta saki shafuka goma kyauta a WhatsApp, ta tsaya cak a daidai inda amarya ta buɗe ƙofa ta yi arba da wanda ba ta zata ba. A ƙasa ga lambar asusu: mai son ci gaba ya turo kuɗi, ya nuna shaidar biya, a saka shi a gurup. Nan take ta biya. Ba takarda, ba dillali, ba jiran mota ta kai kaya Maraɗi ko Kumasi.

Ni dai ina maraba da wannan sauyi. Matar da take cikin gida a Gusau, wadda a da sai ta tara kuɗin bugu kafin kowa ya ji sunanta, yanzu Facebook da manhajar wallafa labarai ta Wattpad sun ishe ta. Masu karanta littattafai da murya a YouTube kuma sun kai labari kunnen waɗanda ba su iya karatun boko ba, duk da cewa wasunsu ko izinin mai littafi ba sa nema, kuma wannan zalunci ne.

Abin da yake ci min tuwo a ƙwarya daban ne. A Amurka da Ingila, abin da ake kira BookTok masu karatu ne suka kafa shi a TikTok: mutum ya gama littafi, ya fito ya faɗi abin da ya taɓa masa zuciya da abin da bai gamsar da shi ba, har tsofaffin littattafai suka dawo suna tashe. Mu a nan marubuciya ce take yabon kanta, ƙawayenta su yi ta zuba mata "fatan alheri" da "Allah ya ƙara basira". Wanda ya ce akwai gyara, sai a ce hassada yake yi. To idan babu mai tantancewa, shafukan kyautan nan su ne kaɗai ƙugiya, kuma kowa ya san irin abin da ya fi saurin kama mutane. Daga nan batsa take samun ƙofa. Mai rubutu da natsuwa, wadda labarinta sai a shafi na talatin yake nuna, ita ce take kwana a ciki.

Ba kira nake a sake ƙona littattafai kamar yadda aka yi a Kano a 2007 ba. Wuta ba ta cin abin da yake cikin waya. Masu sharhi nake nema. Gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da sunayen mata da yawa saboda alƙalai sun zauna sun karanta, sun zaɓa, jama'a kuma suka yarda da zaɓinsu. Muna da malaman Hausa a Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello, da ɗalibai masu nazarin waɗannan littattafai, amma aikinsu yana kulle a ɗakin karatu. In ɗaya daga cikinsu ya ɗauki waya ya yi minti uku a kan littafi guda duk mako, ƙanwata za ta saurare shi kafin ta tura kuɗinta.