Ba faɗuwar Kustantiniyya ce ta tura Turawa teku ba

Ana yawan cewa da Daular Usmaniyya ta ci Kustantiniyya (Istanbul ta yau) a 1453 sai ta toshe hanyar Indiya, dole Turawa suka nemi ta teku. Shekarun kansu sun ƙaryata wannan. Tun 1415 Fotugal ta kama Ceuta, wani gari a gaɓar arewacin Afirka, a 1434 kuma jirginta ya wuce Bojador, wani tsinin ƙasa a gaɓar yammacin Sahara, tana bin gaɓar Afirka neman zinariya.

Masoro da kirfa ma ta Bahar Maliya suke bi zuwa Iskandariya, inda fataken Benis, wani birni a Italiya, ke saye a hannun Mamlukawa, masu mulkin Masar a lokacin. Usmaniyya ba ta ci Masar ba sai 1517, alhali Vasco da Gama, jagoran jiragen Fotugal, ya sauka Kalikut a Indiya tun 1498. Burin Fotugal shi ne kauce wa dillalai da harajinsu.