Man birki a cike ba shi ne mai lafiya ba

Direbobi da yawa a Yamai na cewa: "Man birkina cike yake, me zan canza?" Ai man yana shan danshin iska a hankali, ko ba ya yoyo. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa wajen 155. Mota shaƙe da kaya a hanyar Tawa, ga zafin Afrilu, ga zafin da taka birki ke ƙara wa man: man ya tafasa, ka taka birki ya nutse, mota ba ta tsaya ba.

Duba launi bai isa ba. Makanike ya tsoma na'urar gwada yawan ruwa a cikin man. In ruwa ya kai kashi 3 cikin 100, a sa sabo. In babu na'urar, a canza duk shekara 2.