Fitilun Kotun Marshall: Kada Ado Ya Cinye Ginin

A garin Marshall da ke gabashin jihar Texas a Amurka, da zarar Nuwamba ta kusa ƙarewa sai tsohuwar kotun gundumar Harrison ta sha ado da ƙananan fitilu tun daga ƙasa har kan kubba, suna ci kowane dare har ƙarshen Disamba. Baƙo zai rantse al'adar kaka da kakanni ce, alhali a 1987 aka fara ta, kuma wuya ce ta haife ta.

A 1986 farashin ɗanyen mai ya faɗi warwas, garuruwan yankin suka ji jiki, kasuwa ta mutu. George Smith na jaridar Marshall News Messenger ya rubuta sharhi yana kiran jama'a su haskaka dandalin kotun lokacin Kirsimeti, ko garin ya farfaɗo. Wendy Reves, haifaffiyar Marshall da ke zaune a Faransa, ta aiko da dala 25,000. Da haka bikin Wonderland of Lights ya kafu.

Ginin kansa ya girmi bikin nesa ba kusa ba. J. Riely Gordon ne ya zana shi, aka kammala a 1901 da bulo ruwan ɗorawa. An sake buɗe shi a 2009 bayan gagarumin gyara, ƙarƙashin shirin ceto tsofaffin kotuna da Texas ta kafa a 1999. A ganina ginin ne jari, fitila riba ce, kuma duk garin da ke irin wannan ado tilas ya kiyaye kada riba ta ci uwar kuɗi.

Ɓarnar daga ƙusa take farawa. Mai ɗaura waya yana sama, sanyi na kaɗa shi, yana so ya gama ya sauko, sai ya buga ƙusar ƙarfe a jikin bulo. Ƙusar ta yi tsatsa, tsatsa kuwa kumbura take yi, sai ta tsage bulon. Ruwa ya shiga tsagar, daren hunturu ya daskare, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, tsaga ta ƙara buɗewa. Bayan 'yan shekaru fuskar bulon ta ɓare ta faɗo. Abin da ya dace shi ne a kafa maƙalai na ƙarfen da ba ya tsatsa sau ɗaya tak, a cikin kwaɓin da ke tsakanin bulo, domin kwaɓi ana iya sake shi, bulon 1901 kuwa ba a samunsa a kasuwa. Kowace shekara a rataya a kan maƙalan nan, kada a sake huda.

Sai lissafin wuta. Igiyar tsofaffin ƙananan ƙwai guda 100 tana jan kimanin wat 40, wato ƙwai dubu 100 na jan kilowat 40. Layi mai amfiya 15 a kan bolt 120 na Amurka ba a ɗora masa fiye da amfiya 12 idan zai daɗe yana ci, wato wat 1,440, igiya 36 ke nan. Amma fis ɗin da ke cikin fulogin kowace igiya, wato siririyar wayar da ke ƙonewa idan wuta ta yi yawa, amfiya 3 ne, saboda haka ba a so a jona igiya fiye da biyar a jere. Ƙwan LED ya rage wannan nauyi da sama da kashi 80 cikin 100. Masu cewa haskensa ya cika fari fat suna da gaskiya, sai dai akwai mai launin ɗumi da ke dacewa da bulo ruwan ɗorawa.

Abin da ya fi jefa dandali cikin duhu ana tsaka da biki shi ne danshi. Na'urar kare mutane daga jan wuta tana katse layi da zarar miliamfiya 5 ya zurare, kuma mahaɗa ɗaya da ke kwance cikin ruwa a magudanar rufi ta isa. A ɗaga kowace mahaɗa sama, bakinta na kallon ƙasa. Kada a naɗe ta da leda, don leda tara raɓa take yi. Ƙwan da ya mutu a igiyar tsofaffin ƙwai kuma a canza shi da wuri, tunda 'yan uwansa ne ke ɗaukar rabonsa na wuta, su riƙa ƙonewa ɗaya bayan ɗaya.