Mai jinya ma yana buƙatar dubiya

'Yan uwana matasan Kano, akwai halin da nake so mu gyara. Idan aka kwantar da mahaifin abokinmu, a makon farko sai ka ga 'yan majalisa sun cika harabar asibiti, wannan da ledar lemo da ayaba, wancan da fulas ɗin shayi. "Sannu, ya mai jiki?" "Da sauƙi, alhamdulillahi." A yi addu'a, a watse. Kafin a yi wata guda ƙafa ta ɗauke, sai dai "Allah ya ƙara sauƙi" a WhatsApp.

Alhali ciwukan da suke kwantar da iyayenmu ba na kwana bakwai ba ne. Shanyewar ɓarin jiki da hawan jini yake jawowa takan ci watanni ana gashi. Mai ciwon ƙoda kuwa sau biyu ko uku ake masa wanki a mako, kowane zama wajen awa 4. Hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya sanya gai da mara lafiya cikin haƙƙoƙi biyar na Musulmi a kan ɗan uwansa, kuma haƙƙin ba ya faɗuwa don ciwo ya daɗe.

Ku leƙa asibitin Malam Aminu Kano ko na Murtala bayan sallar isha'i. Za ku tarar da saurayi a kan tabarma, ya yi matashi da jakarsa, takardar magani a aljihu. Tun asuba shi ne bin layin kati, shi ne kai jini gwaji, shi ne juya Baba kada bayansa ya yi gyambo, shi ne neman ɗan sahu. Wataƙila ɗalibin Jami'ar Bayero ne, jarrabawa na ƙaratowa, rabonsa da aji ya manta. Kowa ya zo mai jiki yake tambaya. Shi ba mai tambayar ko ya ci abinci.

Don Allah ku daina cewa "in kana buƙatar wani abu ka faɗa min". Kun san kara irin tamu, ba zai faɗa ba ko zai faɗi don gajiya. Ka zo da tabarmarka ka ce, "Tashi ka je gida ka yi wanka ka yi barci, yau ni zan kwana." In ana neman jini ka miƙa hannu, namiji mai lafiya yana iya bayarwa duk bayan wata 3. In ajinku ɗaya, ɗauki hoton darasin da aka yi ka tura masa, ku zauna a benci ka maimaita masa. Ku taɓa hirar Kano Pillars ma, ba laifi ba ne ya yi dariya. Amma a gaban mara lafiya a taƙaita zama, kuma a bar labarin wane da irin wannan ciwon ya kashe. Wannan ɗabi'a tana ƙona min rai.

Kai kuma mai jinya, kada ka ga kamar ka ci amanar Baba don ka buɗe littafi. Rabin jinya zaman jira ne, kuma gara wannan lokaci ya tafi a shafi biyu uku da ya tafi a kallon jita-jitar magunguna a waya. In yana so, karanta masa Alƙur'ani ko jarida a hankali. Tsoho yana jin daɗin muryar ɗansa, kuma ba zai so ciwonsa ya yi sanadin barinka makaranta ba.

Sannan a gida a raba kwana tsakanin 'yan uwa. Kada a jibge wa 'ya mace girki da wanki da kwanan asibiti don ita ba ta musu, alhali ita ma tana da jarrabawa.